Yadda aka ce na koma bautar gunki a Guangzhou

Shekarun baya, lokacin da nake zaune a Guangzhou ta ƙasar Cana ina yi wa 'yan kasuwar Kano sayayya, an taɓa yaɗa cewa na bar sallah na koma bautar gunki. Yau ina ba da labarin ina dariya. A lokacin kuwa ko murmushi ban yi ba, don maganar ta kai kunnen mahaifiyata.

Bari in fara da halina, saboda wanda bai san ni ba. Ni mutum ne mai saurin hawa. A gidanmu ƙannena suna tsokanata wai in aka ɗora tukunya a kaina za ta tafasa ba a hura wuta ba. Kuma ba na iya barin mutum ya kai aya. Yana cikin magana na riga na hango inda zai sauka, sai in tare shi a hanya in ba shi amsa. Da wannan hali na shiga sana'ar da ba ta son mai irinsa ko kaɗan.

Aikin ejan ke nan. Mutum yana zaune a shagonsa a Kano zai turo maka hoton wando, ya ce shi yake so, ba mai kama da shi ba, shi ɗin dai. Kai kuma ka tashi daga Xiaobei, unguwar da yawancinmu muke zaune, ka tafi Xintang, garin da kusan ba abin da ake yi sai ɗinkin wandon jins, ka bi kamfani-kamfani da hoto a hannu. Lauban, wato mai kamfanin, ya duba ya girgiza kai ya ce maka "meyo", babu ke nan. Ka fita ka shiga na gaba. Sa'ad da ƙafarka ta gaji da la'asar ka ce bari ka ɗan huta, a lokacin ne Kano take buɗe shaguna, sai wayoyi su fara kuka. Wannan yana tambayar kwantenarsa, wancan yana so ka ɗauki bidiyon kowane kwali, wani kuma gaisuwa kawai ya kira ku yi, amma in ba ka ɗauka ba ka zama mai girman kai. Ina cin abinci a tsaye, ina barci da waya a kan ƙirji. Ko a sallah sai in tsinci kaina ina lissafin dila, in rasa a raka'a ta nawa nake. Ƙabli da ba'adi suka zama min kamar farilla.

Wata rana a Xintang aka fito min da kayan da na ba da aiki, na ga launinsu ya fi na samfur duhu. Nan take na hau sama. Na yi faɗa da Turanci, na yi da guntun Canancin da na iya, da suka ƙare na koma Hausa. Lauban yana zaune yana zuba shayi a 'yan ƙananan kofunan nan nasu, ko ɗaga murya bai yi ba, wannan kuma ya ƙara tunzura ni. Ina cikin nuna shi da yatsa sai na ji ƙasa ta karkace. Ƙeyata ta yi nauyi, na nemi kujera na rasa. Shi wannan da nake zagi shi ya sa ni a motarsa ya kai ni asibiti.

Likita ta ce hawan jini ne. Ta rubuta magani, sannan ta yi doguwar magana a bakin wayarta, wayar ta fassara min da cewa in rage hayaniyar cikin kai. Na ce a raina, baiwar Allah, da kin san mutanen kasuwar Kwari ta Kano da ba ki faɗi haka ba. Ban gaya wa kowa a gida ba sai ƙanwata, ita ma na ce ta rufe bakinta.

Ina da wani abokina ɗan Maraɗi, mai saya wa mutanensu fitilu masu aiki da hasken rana. Ya riga ni zuwa Cana da daɗewa, kuma ban taɓa ganinsa yana sauri ba, ko jirgin ƙasa zai rufe ƙofa. Shi ya zo duba ni da tuwo a kula. Ya zauna a kan kwalin samfur, don ba kujera a ɗakin, yana kallona ina cin tuwo da hannu ɗaya ina amsa waya da ɗayan.

Ya ce, "Kai, mi kake nema a duniyar ga da gudu haka? Dusman hwa, dusman." A hankali ke nan a Faransancinsu.

Na ce, "In na yi dusman wa zai loda kwantenar mutane?"

Ya ce, "In ka mutu ma za a loda ta."

Sai ya ba ni labarin cewa shi ma ya taɓa shiga irin wannan hali, wani lokotoro, likita ke nan a bakinsu, ya koya masa wani zama. Ka sami wuri ka zauna, ka ajiye waya, ka rufe ido, ka bi numfashinka yana shiga yana fita. Shi ke nan. Tunani zai zo, kada ka kore shi, kada kuma ka bi shi. Da ka lura ya ja ka, sai ka dawo kan numfashi.

Ya ce, "Kamar kana zaune bakin shago ne, mutane na wucewa. Ai ba kowa kake kira ba."

Na ce, "Malam, wannan ba abin 'yan Buddha ba ne kuwa?"

Ya yi dariya har kwalin ya lotsa. Ya ce, "Numfashin da ke hancinka na Buddha ne ko naka? Wanda Ya ba ka shi ka san Shi. Ni ban ce ka kira kowa ba, ban ce ka karanta komi ba. Zama na ce ka yi."

Na gwada a ɗaki. Zaman farko ban bi numfashi uku a jere ba. Na tuna maɓallan wando, na tuna wata baƙar magana da ya kamata in gaya wa lauban ban gaya masa ba, na shirya ta tsaf, na ma shirya amsar da zan ba shi in ya mayar. Na je na ce wa abokina abin nan ba nawa ba ne, kaina kasuwa ce ranar jajiberin sallah. Ya ce, "Ka lura kasuwa ce? To ka fara ke nan. Da can kana ciki ba ka sani ba." Wannan magana ta zauna min. Ni kuma akwai ni da naci, in na sa abu a gaba ba na sakinsa. Na ce ko kan nan na dutse ne sai na ga ƙarshensa.

Matsalar ita ce ɗakina ba ɗaki ba ne, tasha ce. Kowa ya san ƙofar, kowa yana da abin ajiyewa ko na ɗauka. Don haka na koma fita bayan sallar asuba, in bi gefen titin Huanshi Lu tun shaguna ba su buɗe ba, in shiga wani ɗan lambun shaƙatawa da ke kusa. Tsofaffin 'yan Cana ne suke cika shi da safe, suna motsa jikin nan nasu na a hankali, kamar masu iyo a cikin kunu. Ba ruwansu da kowa. Sai in cire takalmi, in hau wani faffaɗan dakali, in harɗe ƙafa kamar mai ɗaukar karatu, in ɗora hannu a gwiwa.

To ga inda tsautsayin yake. Tun muna makarantar allo aka saba mana cewa in za ka yi zaman kirki ka fuskanci alƙibla. Abin ya bi jikina, ko cin abinci zan yi sai na juya. A Guangzhou kuwa alƙibla yamma take, ba gabas ba. Saboda haka kullum in na hau dakalin sai in juya yamma. A wannan ɓangaren, ɗan nesa kaɗan, akwai wani mutum-mutumi na dutse, tsoho mai gemu riƙe da littafi. Wallahi ban taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba. Tsuntsaye ma a kansa suke sauka su yi abin da suka ga dama.

Sannu a hankali na fara ganin canji. Ba wai na zama waliyyi ba. Amma ciwon kai ya ragu, barci ya fara zuwa da kansa, na koma sanin raka'ar da nake ciki. Wata rana wani lauban ya ce min "meyo" a kan kayan da ya yi min alkawari, na ji zafin nan ya taso daga ƙirji ya kama wuya. A da sai dai in ji muryata tana tashi. Ranar kuwa na ga zafin yana tasowa, na ja numfashi, na tsaya, sannan na tambayi lauban ɗin me yake da shi a madadin kayan. Na fito daga kamfanin ina mamakin kaina kamar wanda ya tsinci kuɗi a tsohuwar riga.

Ana haka lokacin baje koli ya zo, wanda ake yi a Pazhou, inda kamfanoni suke baje kayansu 'yan kasuwa su zo daga ko'ina. A irin wannan lokaci ejan ba shi da kansa. Kai ne mai tarbo baƙi, kai ne tafinta, kai ne mai nemo abincin halal. Cikin baƙina akwai wani Alhaji, dattijo, zuwansa Cana na farko. Ashe da sassafe ya fito neman mai shayi da burodi, bai san nan ba a kafa tebur a bakin titi ba, yawo ya kai shi lambun nan. Ya gan ni. Bai yi min sallama ba, bai taɓa ni ba. Ya ciro waya ya ɗauka, ya koma masaukinsa.

Ranar tare muka yini a Pazhou, ina riƙe masa jaka ina yi masa ciniki, bai ce min uffan ba. Abin da kawai na lura, da azahar ta yi muka sami lungu za mu yi jam'i, aka ce in shiga gaba kamar yadda aka saba, sai ya ce a'a, a bar wani ya ja mu. Na ɗauka tsufa ne.

Da la'asar wayoyina suka kama wuta. Abokina ne ya nuna min bidiyon a guruf ɗin 'yan kasuwa. Jama'a, ni kaina da na gani sai da na ce innalillahi. Ga ni zaune ba takalmi, ido a rufe, hannu a gwiwa. Ga gunki a gabana sosai, don ta inda Alhaji ya tsaya kamar gwiwata za ta taɓa shi. Ga rana tana fitowa ta bayana. Ga kuma tsofaffin nan a jere a baya suna ɗaga hannu suna saukewa a tare, sai ka rantse ni ne limaminsu. A ƙasa an rubuta, "Allah Ya raba mu da neman duniya ido rufe." Wani ya ce dama ya daɗe yana mamakin yadda kayana suke saurin fita.

Na sami Alhaji na yi masa bayani. Ya ce shi bai ce komai ba, abin da idonsa ya gani ya ɗauka, gani kuma ya kori ji. 'Yan kasuwar da suka san Cana suka yi dariyarsu na 'yan kwanaki, suna kirana liman, magana ta mutu a wurinsu. Da a nan ta tsaya da ban ma ba ku labarin ba.

Washegari ƙanwata ta kira, ta ce, "Yaya, ga Umma." Daga yadda ta faɗa na san babu lafiya. Ni ne ɗan farin mahaifiyata, ba ta kiran sunana, kuma ba ta saba doguwar hira da ni ba.

Ta ce, "Kai. An nuna min wani abu."

Na ce, "Umma, ba haka ba ne, ki tsaya in yi miki bayani, wannan dutsen..."

Ta ce, "Rana a bayanka take. Da idona na gani. Ka juya wa gabas baya ka fuskanci..."

Na ce, "Umma, a nan alƙibla yamma take! Kowa ya sani! Ki tambayi duk wanda ya taɓa zuwa!"

Ban san na ɗaga murya ba sai da na ga masu wucewa suna waiwayena. Sannan ta ce, "In dai ni na haife ka, kada ka sake yin wannan zaman. In ka sake ban yafe ba." Ta miƙa wa ƙanwata waya.

Wanda ya san abin da wannan kalma take nufi a bakin uwa ya san halin da na shiga. Gaba kura, baya sayaki. Abu ɗaya da na samu yana riƙe min jini da hankali, shi aka ɗora wa "ban yafe ba". Na ji haushi, na ji tsoro, kuma na ji tausayin kaina, ba zan ɓoye ba.

Abokina ya ce, "To ka yi a ɗaki mana, ka kulle ƙohwa. Wa zai gani?"

Na ce, "Allah zai gani, ni ma zan gani. Ba ta ce kada a gan ni ba, cewa ta yi kada in yi."

A ranar na yanke wa kaina abu biyu. Ba zan yi zaman nan a bayan idonta ba, ko sau ɗaya. Kuma ba zan haƙura da shi ba. Da bakin da ta hana, da shi za ta ba ni izini, ko zai ɗauke ni shekara.

Na daina zama, na shiga neman hanya. Na fara da wani malami ɗan Kano da muke sallar Juma'a tare, mutum mai karatu sosai, kasuwanci ne ya kawo shi. Ya tambaye ni me nake karantawa a zaman, na ce babu. Wa nake kira, na ce babu. Me nake nema a wurin dutsen, na ce ko sunansa ban sani ba. Ya ce, "To wannan ai zama ne. Sai dai ka yi wauta da ka zauna a inda za a zarge ka. Kuma kada ya ture maka zikiri." Na roƙe shi ya yi wa Umma bayani a saƙon murya, ya yi, mai kyau, da ayoyi. Ƙanwata ta kunna mata. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Shi ma a can yake?" Aka ce e. Ta ce, "To."

Na koma lambun na ɗauki bidiyo ta kowane gefe, na nuna tazarar da ke tsakanin dakali da dutsen, na nuna kashin tsuntsaye a kansa. Na sa ƙanena ya zana mata taswira a ƙasa, ga Kano, ga Makka, ga Cana a can gaba. Ta ce ita ba ta yi boko ba, amma ta san inda rana take fitowa. Duk kiran da na yi, yadda na farko ya ƙare haka yake ƙarewa. Za ta fara magana, in hango inda za ta, in tare ta da hujja, murya ta hau, ta miƙa wa ƙanwata waya. Ni a ganina ina da gaskiya, kuma mai gaskiya ba ya jira.

A wannan tsakanin jikina ya koma gidan jiya. Ciwon ƙeya ya dawo. Na yi wa wata ma'aikaciyar kago, wato masu jigilar kaya, tsawa a kan kwali ɗaya har ta yi hawaye, na dawo ina ba ta haƙuri. Na shiga wani kantin magani aka gwada jinina, mai kantin ya kalli na'ura ya kalle ni, ya sake gwadawa. Kullum da safe in na idar da sallah sai in ji ƙafata tana son hanyar lambu, in riƙe ta. Sannan ƙanwata ta gaya min abin da ya fi duk wannan ciwo. Ta ce, "Yaya, duk ranar da kuka yi waya, Umma ba ta cin abincin kirki."

Ranar da abin ya warware ban shirya mata ba. Ina bakin sito wajen masu kago, da la'asar, ana loda kayan wani kwastoma, ga zafi ga ƙarar mota. Na kira don in gaishe ta kawai. Muka gaisa, sai ta ɗauko maganar da kanta. Ta ce jiya a gidan suna wata ta tambaye ta wai da gaske ne abin da ake faɗa a kan ɗanta.

Nan take na ji shi. Zafin nan ya taso daga ƙirji, ya kama wuya, amsa ta zo bakina a shirye, har da sunan matar da nake zargi. Sai kawai na lura da shi. Ban yi niyya ba, jiki ne ya tuna abin da ya koya. Na ji iska ta shiga hancina, na ji ta fita. Amsar tana nan tana ƙwanƙwasa haƙorana, na bar ta a tsaye. Na sake jan numfashi. Umma tana ta magana.

Ta yi faɗa sosai. Ta ce mahaifina har ya koma ga Allah bai taɓa sa ta jin kunya a cikin mata ba. Ta ce tun ina yaro ba na jin magana sai tawa. Sau biyu zafin yana dawowa, sau biyu ina kallonsa yana wucewa. Da faɗan ya yi nisa sai muryarta ta canza, ta shiga wani wuri da ban taɓa jin ta kai ba. Ta ce ta san na faɗi a kamfani an kai ni asibiti, ta matsa wa ƙanwata ta gaya mata. Ta ce tun ranar take tunanin ko ciwo ne ya kai ni wurin bokayen ƙasar, don ciwo yana kai mutum inda bai zata ba. Ta ce abin da yake hana ta barci shi ne in mutu a can, a binne ni a can, ba ta san a kan me na cika ba.

Ashe tsoro ne. Wata da watanni ina kai mata taswira da hujja, ita kuwa tsoro take ji. Na jingina da bangon sito, idona ya cika.

Sai na ji ta ci gaba a hankali, ba da muryar faɗa ba, kamar mai magana ita kaɗai. "Allah Ka tsare min shi. Allah Ka ba shi lafiya. Allah Ka sa ya cika da imani. Allah Ka yi masa albarka."

Na ce, "Amin, Umma."

Ta ce, "Au! Kai, kana nan?"

Na ce, "Ina nan."

Ta ce, "Na ɗauka layin ne ya yanke. Na ji shiru."

Na ce, "Ina jin ki tun daga farko." Sannan na ce, "Umma, akwai abin da zan gaya miki, don ba na son in ɓoye. Abin da kika hana ni, yanzun nan na yi shi. Ban yi da gangan ba."

Ta ce, "Yaushe?"

"Yanzu, kina magana."

"Gunkin yana wurin?"

"Babu gunki. A tsaye nake a bakin sito, ana loda kaya."

"To me ka yi?"

Na gaya mata. Na ce raina ya ɓaci, na ji amsa ta zo, sai na bi numfashina na bar ta ta wuce, na ci gaba da sauraron ki. Na ce shi ke nan abin da nake koyo a zaman, babu ƙari. In kin ce shi ma in bari, zan yi iya ƙoƙarina in bari.

Sannan ta ce, "Tun kana ɗan shekara bakwai nake neman abin da zai sa ka yi shiru in gama magana. Na yi addu'a, na yi duka, na karɓo rubutu." Ta ja numfashi. "Je ka yi zamanka. Na janye. Amma ka matsa daga gaban dutsen mutane."

Na ce to. Masu lodi suna ta kirana in zo in duba kaya, na ɗaga musu hannu su jira.

Washegari na koma lambun, na nemi wani dakali a can ƙarshe wanda ba komai a gabansa sai katanga. Har na bar Guangzhou a nan nake zama, kuma har yau ban daina ba, ko ina gida ko ina hanya. Ina shan maganina, ina zikirina, ina zamana, kowanne da wurinsa. Halina bai tafi ba, kada wani ya ɗauka na zama ruwan sanyi. Zafin yana zuwa kamar da. Bambancin kawai yanzu ina jin takunsa tun daga zaure, kafin ya shigo tsakar gida. Wanda duk hayaniyar yau da kullum ta sha masa kai, ina ba shi shawara ya gwada, ya kuma yi naci, don farkonsa ba daɗi. Sai dai ya duba abin da ke gabansa kafin ya rufe ido.

Abin da har yau in na tuna nake jin wani iri shi ne maganar da muka yi da ƙanwata bayan nan. Na ce mata ban taɓa jin Umma ta yi min addu'a irin ta ranar ba. Ta yi dariya ta ce, "Yaya, ai kullum haka take yi. Duk faɗan da za ta yi maka, da addu'a take rufewa. Kai ne ba ka bari ta iso wurin. In ta miƙo min waya sai ta ƙarasa abinta, mu da muke zaune mu ce amin."

Shekara da shekaru ƙannena suna amsa min amin ɗina ban sani ba. Yanzu in ta fara faɗa sai in gyara zama in jira, ni nake amsa abina.